Ƙirgar Ƙuduji a Aujara

Ina 'yar shekara bakwai na tsinko shi a gonar gero,
fure mai ruwan shuni, na soka a kitso,
na rugo gun Baba ina taƙama.
Ya zare shi a hankali, ya murje a tafinsa,
ya ce, "Tasallah, wannan adon naki
shi ya cinye tuwonmu tun daga ƙarƙashin ƙasa."

Abin da ya biyo baya, takardu ne.
Zariya, sannan ƙasar da sanyi ke shiga har ɓargo,
inda na koyi karanta rubutun da Allah ya naɗe
cikin ƙwayar da ido bai isa ya gani ba:
baƙaƙe huɗu kacal, amma ba gwanin da ya taɓa sauke su.

Kamfani ya riƙe ni shekara goma sha ɗaya.
Farar riga, safar hannu, wuta ba ta ƙiftawa,
albashi kan zo kafin wata ya mutu.
Na sa hannu a takardar kame baki:
abin da na gano da rana, ko mijina ba ya ji da dare.
Mun rina irin masara kamar an ƙunsa masa lalle,
mun ɗinke a 'yan buhuna.
Da na kai maganar gero teburin manya,
wani mai agogon zinare ya ce,
"Mai noman gero ba ya sayen iri, rumbu yake buɗewa."
Gaskiya ya faɗa. Ita ce ta kore ni.

Jami'a ta tarbe ni da alli da ɗalibai ɗari uku a aji.
Nan aka sakar mini baki, aka ɗaure mini hannu.
Yajin aiki na wata takwas, injin wuta ba mai,
na dawo na tarar firiza ta yi gumi har ta huce,
aikin shekara shida ya zama ruwa mai wari.
Ina zaune a siminti Ilu ɗalibina ya shigo da leda:
ashe ya kai ragowar irin gun gwaggonsa a Jahun,
ta zuba a tulu, ta barbaɗa toka, ta liƙe da laka.

Yau ga ni a Aujara, furfura ta fi takarduna yawa.
Kunya goma sha biyu a gonar Baba, kowace da lambarta.
Shi bai jira ba, yana gabas da gari, kusa da kanya.
Malam Barau maƙwabci ya dogara da hauya,
bai tambayi sunan ƙwayar halitta ba.
"In na ajiye shi, zai fito baɗi?
Tsuntsu fa? Karansa zai yi darni?"
Iya Ladidi ta surfa tiya guda na bara,
ta ce furarsa ba danƙo, in koma in sake.
Cikin duk masanan da suka duba aikina
ba wanda ya kai ta tsanani.

Na durƙusa, gwiwa na ƙara, ina ƙirga.
Kunya ta farko, irin gado: ɗari da arba'in, duk sun yi fure.
Ta biyar: sittin da uku.
Ta tara sai da na bi sau biyu.
Huɗu.
Ba babu ba. Huɗu.
Ɓarawon ma yana nasa karatun, na sani,
'ya'yansa na kwance a ƙasa, su kan jira shekara ashirin,
ni kuwa ba ni da ashirin.

Na miƙa wa Ilu littafin, na ce rubuta da hannunka.
Hadari na haɗowa ta wajen Kiyawa,
wata yarinya ta ratso gonar da tsinkakken fure.
Na ce, zo nan, daga wace kunya kika ciro wannan?